Muryata a Kasuwar da Ban Taɓa Shiga Ba

Ban zo Alƙahira don in zama tafinta ba. Maigidana na biyo, shi da ya samu gurbin karatun digiri na uku a fannin fiƙihu. Ni kuma na ce tunda na zo, bari in ɗora karatun Larabcina daga inda na ajiye shi a Zariya. Muka kama hayar gida a wani bene a Madinat Nasr, hawa na huɗu, a unguwar da in ka tsaya bakin titi da la'asar za ka ji harsunan duniya iri-iri kafin ka ji Larabci.

Tafintanci ya same ni ne ta dalilin gwaggon maigidana, wadda ta zo a yi mata aikin ido. Na raka ta asibiti, na faɗa wa likita abin da ta ce, na faɗa mata abin da likita ya ce, aka yi aiki lafiya. Da ta koma Kano sai ta raba lambar wayata ga duk wanda ya zo yi mata barka. Daga nan wayata ba ta ƙara hutawa ba. Masu ciwon gwiwa, masu ciwon ƙoda, masu neman haihuwa, daga Kano, daga Sakkwato, daga Maraɗi. Mata sun fi nemana, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban ɗalibi namiji ba ko da ciwon zai kai ta ƙasa.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Larabcin makaranta daban, na bakin ma'aikatan jinyar Masar daban. Sannan mu Hausawa muna da tamu hanyar faɗin ciwo. Na taɓa tarar da wani dattijo daga Gusau an kwantar da shi an manna masa wayoyi a ƙirji ana auna bugun zuciyarsa. Shi dai cewa ya yi zuciyarsa ke tashi, ɗansa mai Larabcin Islamiyya ya fassara kalma da kalma, aka garzaya da shi sashen zuciya, alhali bawan Allah amai kawai yake ji. Wata kuma ta ce shawara ce da ita, aka faɗa wa likita nasiha take so. Likitan ya gyara zama ya ce ta rage cin mai, ta riƙa tafiyar ƙafa, idanunta kuwa ga su nan sun yi rawaya.

Muryar maƙwabciyata ta hawa na uku na fara ji kafin in ga fuskarta. Ina hawowa da ledar tumatir sai na ji mace a bayan ƙofa tana cewa, "Ke, fita min, nan ba gidan ubanki ba ne." Da kyanwa take, ɗaya daga cikin waɗanda suka mamaye matakalar benenmu. Na tsaya ina dariya har ta buɗe ƙofa ta leƙo. Bahaushiyar Sudan ce. Kakannin kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gari. A Khartum take aiki, tana rubuta manhajoji a wani banki, har yaƙi ya taso su ita da 'ya'yanta. Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da na daɗe ban ji ba, a cakuɗe da Larabcin Sudan. Ta girme ni sosai, don haka na fara kiranta Yaya, ita kuma ta ce min ƙanwata.

Wata rana marasa lafiya biyu suka haɗe min, ɗaya a wani asibiti a Ma'adi, ɗaya a Darrasa. Ina cikin mikrobas, ƙaramar motar hayar nan da ake cusa mutane kamar buhuna, ina fassara wa ɗaya ta waya, layi yana yankewa, direba yana ta danna ham. Na dawo gida ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ban iya kaiwa hawa na huɗu ba, na zube a kujerar Yaya ina ba ta labari.

Ta miƙo min shayi, ta ce, "Ƙanwata, maganganun da kike fassarawa kullum, ba su ne dai suke maimaita kansu ba? Ina ke ciwo, tun yaushe, kin ci abinci, kina shan wani magani?"

Na ce, "Yawancinsu su ne."

Ta ce, "To mu zuba ki a waya mana."

Abin da muka ƙulla ke nan. Ita ta zana hoton jikin mutum. Mara lafiya ya taɓa inda ke masa ciwo, wayar ta karanto masa da Hausa irin ciwukan da ake yi a wurin, domin da yawa daga tsofaffinmu ba su karatun boko. In ya zaɓa, sai ta faɗa da Larabcin Masar da ƙarfi, nas ta ji. Ita ma nas tana da nata ɓangaren, ta taɓa tambayarta da Larabci, wayar ta yi wa mara lafiya da Hausa. Babu buƙatar intanet. Ni ce muryar, ta Hausar da ta Larabcin duka.

Naɗar muryar ce ta ba mu wahala, saboda Alƙahira ba ta san shiru ba. In motoci sun lafa, mai sayar da gas zai biyo layi yana buga ƙarfe a jikin tukunyarsa. In ya wuce, mai sayen tsofaffin kaya zai ɗauka da lasifika. A ƙarshe Yaya ta ce in shiga cikin durowar kaya in ja ƙofa, tufafi za su shanye hayaniya. Haka na riƙa zama a tsakanin manyan rigunan maigidana, gumi yana zuba, ina karanto cututtuka. Ranar farko bai san da zancen ba. Ya dawo daga makaranta ya yi sallama bai ji amsa ba, sai ya ji murya daga cikin durowa tana cewa, a tsanake, "Akwai jini a fitsarina." Ya buɗe ƙofar fuskarsa a firgice ya ce, "Subhanallahi, tun yaushe?" Har yau in na tuna sai na dara.

Manhajar ta yi aiki fiye da yadda muka yi fata, amma ga rabin mutane kawai. Wayoyin da ke hannun mutanenmu iri biyu ne. Akwai wadda ke barin ka sa manhaja daga duk inda ka samo ta, ko aboki ya tura maka daga tasa. A irin waɗannan, kafin wata ya zagayo ɗalibai sun yaɗa ta daga hannu zuwa hannu. Akwai kuma mai tsadar nan, wadda kamfaninta ya yi mata kasuwar manhaja guda ɗaya tak. Shi ne mai kasuwar, shi ne mai gadin ƙofarta, shi ne kuma ke cewa wannan kaya ya shiga, wannan ya koma. Duk wanda ke da halin hawa jirgi ya zo Masar neman magani kuwa, kusan kullum irin wannan ce a jakarsa.

Yaya ta aika musu da manhajarmu. Amsa ta zo cikin ladabi, cewa abin ya shafi lafiya, mu kawo shaidar amincewar wata hukumar lafiya. Ta rubuta musu cewa ba magani muke bayarwa ba, fassara ce kawai. Suka dawo da cewa abin da ke ciki bai kai a kira shi manhaja ba, mu mai da shi shafin intanet. Yaya ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ɗakin hoton ƙashi a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma tsohuwar da ta sauka jiya ba ta da layin Masar. Intanet ɗin daga ina?" Ta sake gyarawa ta aika, ta sake, har muka gaji. Ban taɓa jin cewa wani mutum ya zauna ya saurari muryar ba. Da a ce akwai wata kasuwar da mun juya can, amma babu.

Sai na sayi wata tsohuwar waya ta ɗaya irin, na sa manhajar a ciki, na riƙa ba da aronta. Hajiyoyi su karɓe ta da yatsu biyu, su dubi tsagaggen gilashinta, su dube ni. Amma in dare ya yi musu a asibiti babu ni, ita ce bakinsu.

Haka muka zauna har wata safiya da nake kwaɓa ɗanwake, na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalla ta. Yaya ce, ita da ba ta son hawa bene saboda gwiwa, ga ta tana haki, mayafi a kafaɗa, waya a hannu.

Ta ce, "An fasa musu katanga."

Maigidana yana shirin fita Darrasa, unguwar da jami'arsu take, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Yaya, katangar wa?"

Ta zauna ta yi mana bayani. Ƙasashen Turai sun yi doka, kuma ta fara aiki. Hukumominsu masu kula da gasa a kasuwanci sun ce kamfani ba zai ƙera waya, ya mallaki kasuwar da ke cikinta, sannan ya hana kowa buɗe wata a gefe ba. Dole ya bari wasu su kafa nasu kasuwannin manhaja, mai waya ya zaɓi inda zai je, mai manhaja ya zaɓi inda zai baje kolinsa.

Maigidana ya cire takalmin da ya sa. Na san wannan fuskar, ita yake yi in ya tsinci mas'alar da ke masa daɗi. Ya ce, "Ai wannan babin hana babakere ne. Malamanmu sun daɗe da yin magana a kan wanda zai tare fatake a hanya ya saye kayansu kafin su iso kasuwa su ga farashi da idonsu. Mai tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye ya ce sai ta hannunsa." Ya ɗauko wani littafi daga kanta yana buɗawa, ya manta da darasinsa. Can ya ɗago ya ce, "Amma Yaya, in ƙofofi suka yi yawa, ɓarayi ma ai sun samu hanya."

Ta ce, "Gaskiyarka, shi ma kamfanin hujjarsa ke nan, kuma ba ƙarya zalla ba ce. Shi ya sa har yanzu an bar masa ya duba ko akwai cuta a cikin manhaja, ko mai ita ɗan damfara ne. Abin da aka karɓe masa shi ne ya ce kayanka ba su yi masa ba, don haka babu wanda zai gan su."

Na ce, "Kasuwar Kurmi ma akwai 'yan sane, ban ji an rufe ta ba." Ina magana ina rawar jiki, hannuna duk ƙullu. Na ce, "To yaushe za mu sa wa hajiyoyina? Akwai wadda za ta sauka ranar Asabar."

Yaya ta ajiye wayar a cinyarta. Ta ce, "Dokar ta Turai ce, ƙanwata. Sai wayar da ke can, mai rajistar can. Ta Kano da ta nan, suna nan yadda suke."

Na ce, "To mu me ta yi mana?"

"Akwai Hausawa a Turai."

"Me za su yi da Larabcin Masar a Turai?"

Ta ce, "Ban sani ba. Amma na daɗe a tsaye a bakin ƙofa, ba zan ga an buɗe wata in ƙi shiga ba."

An ɗauki watanni kafin sababbin kasuwannin su kankama. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu na wasanni ne, wasu na kamfanoni. Daga baya ta samo wata ƙarama, ta wasu mutane da suka ce su burinsu tara manhajojin harsunan da manyan kamfanoni ba su damu da su ba. Ta aika. Wadda ta amsa mace ce, mutum mai rai, kuma da gani ta buɗe abin ta duba. Ta tambaya me ya sa wasu haruffa ke fitowa kamar ƙananan akwatuna a wayarta, Yaya ta gano haruffanmu masu lanƙwasa ne, ta gyara. Ta nemi mu sa a farko, da murya, cewa wannan tafinta ce ba likita ba. Sannan ta ce ta saurari duk naɗe-naɗen ko da ba ta jin ko kalma ɗaya, tana son ta san wane ƙarfe ne ke ƙara a bayan ɗaya daga cikinsu. Mai gas ne, ya shigo cikin "jiri nake ji" ba mu lura ba. Na sake shiga durowa da farin ciki.

Ranar da saƙon karɓa ya zo, Yaya ta taka rawa a matakala, gwiwar da komai, kyanwoyi suka watse. Muka tafi shagon mai matsar rake na bakin titi muka sha har cikinmu ya ɗauka, mai shagon yana tambaya ko aure ake yi. Abin dariyar shi ne, mu kanmu ba mu iya ganin manhajar a kasuwar ba, domin daga Masar ba a shiga. Sai wani tsohon abokin karatun maigidana da ke zaune a Jamus ya ɗauko mana bidiyon fuskar wayarsa, yana nemo ta, yana saukewa, yana taɓa cikin mutumin da Yaya ta zana. Muka yi ta maimaita kallonsa, mu da 'ya'yanta, kamar fim.

Bayan nan sai shiru. Jefi-jefi Yaya ta ce min wani ya sauke, ba mu san ko wane ne ba, ba mu san me zai yi da ita ba. Na ci gaba da yawona da wayar aro a jaka.

Wata Laraba na raka wata Hajiya daga Sakkwato ganin likitan ƙashi a wani asibiti a Ma'adi. Muna zaune a ɗakin jira tana ba ni labarin jikokinta, sai na ji wata mace daga lungun baya tana cewa da Larabcin Masar, "Ƙuguna ke ciwo, yana sauka har ƙafa." Muryar ta yi min kama da wadda na sani, kafin in gane tawa ce. Na laluba jaka, wayar aro tana nan a kashe. Muryar ta sake cewa, "Ya fi tsanani da asuba."

Na miƙe ban ko yi wa Hajiya bayani ba. Da na sha kwana sai ga wata tsohuwa a keken marasa lafiya, siririya, da atamfa shuɗiya. A gefenta wata mata sa'ata, da doguwar riga irin ta ƙasar sanyi, ta riƙe mata waya tana nuna mata inda za ta taɓa. Wayar mai tsadar ce. Nas tana tsaye tana rubutawa, ta miƙa hannu ta taɓa nata ɓangaren, na ji kaina ina tambayar tsohuwar da Hausa, "Kina shan maganin hawan jini?"

Na jira nas ta tafi, na yi sallama. Na ce, "Baiwar Allah, don Allah a ina kika samu wannan?"

Matar ta ce a Beljiyam take zaune, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Wannan mahaifiyarta ce, daga Damagaram. Ta so ta kai ta can a yi mata aikin ƙugu, biza ta gagara, sai suka shirya su haɗu a Alƙahira, ita ta taso daga arewa, tsohuwar daga gida. Tana jin Faransanci, tana jin harshen can, amma Larabci sai na salla. Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta nuna mata sabuwar kasuwar, ta shiga ta rubuta "Hausa" tana neman abin koya wa 'ya'yanta, sai ga wannan. Ta sauke ta kafin ta hau jirgi.

Ta ce, "Kin san masu ita ne?"

Ban samu amsawa ba tsohuwar ta ɗaga hannu. Tun da na yi sallama take kallona. Ta ce, "Yarinya, sake magana in ji."

Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Inna. Ya jiki?"

Ta ce, "Ita ce. Ke ce a cikin abin nan." Ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa. "Na zaci babbar mace ce mai jiki, ashe 'yar firit ce. Tun shekaranjiya nake sa miki albarka, ina cewa ko wace ce wannan, Allah ya ba ta masu yi mata."

Na kira Yaya a waya. Na ce, "Ki bar duk abin da kike yi ki taho Ma'adi." Ta ce lafiya, na ce, "Lafiya lau, yalla, maza ki taho kawai." Sai a lokacin na tuna da Hajiyar Sakkwato. Na koma na same ta ta cika ta yi fam. Na ba ta haƙuri, na jawo ta ta zo ta gani. Da ta ji labarin sai ta zaro tata wayar daga jaka, ta jera ta da ta matar Beljiyam. Iri ɗaya ne, har launi.

Ta ce, "To sa min ni ma, in huta da waccan mai tsagaggen gilashi."

Na ce, "Ba za ta shiga ba, Hajiya. Tata a Turai take da rajista, can ne aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanin."

Ta juya wayar ta duba bayanta. Ta ce, "Kuɗi ɗaya muka biya, ko ma nawa ya fi. Ita an buɗe mata, ni an kulle min. To mu namu 'yan majalisar me suke yi?" Ta ce akwai surukinta a cikinsu, in ta koma sai ya yi mata bayani. Ban san ko ta yi ba, amma yadda na san ta, ina jin ya sha tambaya.

Yaya ta iso bayan la'asar, ta hau mikrobas da jirgin ƙasa na metro, tana ɗingishi. Ta gaisa da kowa a gurguje, ta karɓi wayar da hannu biyu. Wannan ne karon farko da ta ga aikinta a irin wannan wayar, ba a bidiyo ba. Ta shafa gilashin, ta buɗe kai, ta buɗe ƙirji, ta buɗe ciki. Idanunta suka ciko. Sai kuma ta tsuke fuska ta ce, "Wannan maɓallin ya karkace." Muka fashe da dariya har wata nas ta leƙo.

Aka mayar da Inna gadonta a hawa na biyu, muka bi su ɗaki. A nan ta ce tana da ƙorafi.

Ta ce, "Kun sa ciwon kai, kun sa ciwon ƙugu, kun sa har basir. Amma ba ku sa yadda mutum zai ce abincin nan lami ne ba. Jiya sun kawo min shinkafa fara da wani ganye, ko ɗigon yaji babu. Na duba jikin mutumin nan naku daga sama har ƙasa ban ga inda zan taɓa ba."

'Yarta ta ce, "Inna, asibiti ne fa."

"Asibiti ne sai a kashe ni da yunwa?" Ta ƙara da cewa tana son ta iya ce wa mai allura ta bi a hankali, jijiyar tsohuwa ce, kuma tana son ta ce a juya mata gado ta fuskanci alƙibla.

Yaya ta tambayi 'yar yaushe ta baro Beljiyam. Ta ce cikin makon nan ne. Yaya ta tafa hannu ta ce, "Tamam, madalla. In waya ta daɗe a wajen Turai, sabon gyara yana daina shigo mata daga waccan kasuwar. Taki ba ta daɗe ba. In mun hanzarta zai same ku a nan."

Babu durowa a asibiti, sai muka sauka masallacin mata, muka jira waɗanda ke ciki suka fita. Na zauna a kusurwa na lulluɓa da mayafin Yaya a kan nawa, na naɗi maganar yaji, da ta allura, da ta alƙibla, Hausa da Larabci. Yaya ta koma gida ta haɗa, ta miƙe maɓallin da ya karkace, ta aika, ta kuma rubuta wa matar kasuwar cewa akwai tsohuwa a kan gado tana jira. Matar ta amsa cewa da zarar binciken kamfanin ya wuce za ta sake shi, kuma a gaida tsohuwar.

Gyaran ya iso kafin a shiga da Inna aiki. Ina ɗakin lokacin da mai rabon abinci ta turo kekenta, wata Bamisiriya mai fara'a. Inna ta karɓi wayar da kanta, ta nemo sabon wurin da aka yi wa hoton kwano, ta danna. Muryata ta ce, cikin ladabi, abincin nan ba shi da ɗanɗano, ko za a samu ɗan yaji. Matar ta dubi wayar, ta dubi Inna, ta dafe ƙirji tana dariya. Ta ce ma'alish, a yi haƙuri, likita ya hana gishiri, amma bai ce komai a kan barkono ba. Ta fita ta dawo da ɗan ƙullin dakakken barkono daga cikin nata abincin rana. Inna ta barbaɗa, ta ɗanɗana, ta ce bai kai na gida ba amma ya fi babu.

Aikin ya yi kyau. Kafin su tafi, 'yar ta riga ta tura labarin ga matan Hausawa da ta sani a Beljiyam da Faransa da Italiya. Ashe masu haɗuwa da iyayensu a Alƙahira suna da yawa. Wasu kuma suka fara tambaya ko za a yi musu irinta da Faransanci, saboda iyayen da suka samu shiga can. Matar kasuwar ta nemi Yaya ta ƙara Larabcin Sudan. Hajiyoyina na Kano da Sakkwato dai har yanzu wayar aro nake miƙa musu, Yaya kuma kullum tana bin labarin ƙasashen da ke shirin yin irin dokar, in ta ji wata ta motsa sai ta hawo bene ta faɗa min.

Ranar da za a sallami Inna ta ce ita ma sai an sa muryarta. Ta ce mara lafiya in ya buɗe abin, bai kamata ya fara da jin ciwo-ciwo ba, a fara yi masa addu'a. Yaya ta kanga mata waya a baki a nan kan gado. Inna ta gyara ɗankwali, ta rufe ido, ta fara. Ta roƙa wa mai ciwo sauƙi, da mai jinyarsa haƙuri, da likita sa'ar hannu. Ta roƙa wa wanda ya baro gida ya koma da ƙafarsa, ta haɗa da matuƙin jirgi, da mai rabon abinci, da waɗanda suka yi dokar ko da ba ta san su ba. Ta daɗe tana yi.

Da ta shafa, Yaya ta ce, "Inna, ta yi tsawo kaɗan. In rage?"

Inna ta ce, "Addu'a ake ragewa?"

Muka bar ta yadda take. Yaya ta dai sa wani ɗan ƙaramin maɓalli a ƙasa don mai sauri ya tsallake, ba ta faɗa wa Inna ba. Na raka su har bakin mota, na taimaka aka naɗe keken aka sa a baya, sannan na wuce tashar metro, domin akwai mai ciwon ƙoda daga Gombe da ke jirana a Darrasa.